Neman Baffan Goggo a ƙasar Bama

Ranar da na gaya wa Goggo a waya cewa zan je Bama, cewa ta yi, "Kai ɗan nan, me ka ajiye a Barno a wannan marra?" Na ce, "Ba Bamar Barno ba, Goggo. Bamar da aka kai Baffanki." Ta yi shiru har na duba wayar ko layin ne ya katse. Can sai ta ce, "Ashe ana zuwa?"

Goggo yayar mahaifina ce, kuma ita kaɗai ta rage a gidanmu cikin waɗanda suka ga mutumin nan da idonsu. Ƙanen kakanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Zamanin yaƙin Hitila aka aiko wa dagacin garinmu, can ƙasar Katsina, cewa ya ba da samari. Baffa ba mata ba ɗa, ga ƙirar ƙarfi, sai ƙuri'a ta faɗa kansa. Goggo ba ta wuce shekara shida ba a lokacin. Abin da ta riƙe bai taka kara ya karya ba: ya cilla ta sama ya cafe, ya gutsura mata rake, ya bi bayan dogari. Takarda ɗaya ta zo daga Kaduna, ɗaya daga Indiya, malamin dagaci ya karanta musu a zaure, daga nan sai ɗif. Da yaƙi ya ƙare abokan tafiyarsa suka dawo da kaki da manyan takalma da labaran da ba mai gaskatawa, wai daga jirgin sama ake jefo musu abinci da laima, wai akwai dajin da gora ta fi gidan bene tsawo, wai ruwa yakan yi mako bai ɗauke ba. Baffa bai dawo ba. Wani ya ce zazzaɓi ne, wani ya ce a bakin wani kogi aka harbe shi. Mahaifiyarsa ta ce ita ba ta ga gawa ba, don haka ba sadakar uku, ba ta bakwai, balle ta arba'in. Har ta koma ga Mahaliccinta ba a yi ba, bayanta kuma ba wanda ya sake tayar da zancen.

Ni a lokacin ina karatun digiri na uku a Malesiya, daga Kuala Lumpur zuwa Yangon, birni mafi girma a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, kuwa bai cika awa uku a jirgi ba. Da kunya in gama shekaruna in koma gida ban leƙa ba. Akwai dai abin da na ɓoye wa Goggo. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashe renon Ingila ta zuba rajistarta a intanet, na kuwa riga na bincika. Sunan Baffa irin wanda kowane gida yake da shi ne, shi kuma akawun soja bai damu da sunan uba ba, garin mutum yake liƙa masa: wane Kano, wane Zariya, wane Sakkwato. Da na rubuta sunansa na ƙara Katsina, mutum uku suka fito. Na rufe kwamfutar, na ce wa kaina in na tsaya gaban bangon da aka rubuta sunayen, zuciyata za ta nuna mini. Wauta ce, amma ita ta saya mini tikiti.

Na sauka Yangon ranar Talata, 26 ga Maris 2019. Zafi irin na bazarar Sakkwato, sai dai wannan da gumi yake tafe, tun ba ka fita filin jirgi ba riga ta manne maka a baya. Maza duk da zane ɗaure a ƙugu, har ma'aikatan banki. Mata da yara sun shafa niƙaƙƙen ɓawon itace a kumatu. Ƙasa ko'ina jan yawu, don akwai wani ƙwallo da suke naɗewa a ganye suna taunawa yadda muke cin goro, ya ma fi namu rina haƙori. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gari guda ba babur, an hana su a cikin birnin. Motoci kuma sitiyari a dama, tuƙi ma a hannun dama, in direba zai wuce babbar mota sai na gefensa ya leƙa masa hanya.

Direban da na samu dattijo ne Musulmi, kakanninsa daga Indiya suka zo zamanin Turawa. Da Ingilishi muke magana, muna cike giɓi da ɗan Larabcin salla. Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya koma kirana Saya, wato Malam a harshensu, ni kuma nake ce masa U Le, wato Kawu. Na nuna masa sunan maƙabartar sojojin a rubuce, Taukkyan, ya yi dariya ya ce Taukcan ake faɗa. Ya ce mu bari sai gobe, hutu ne, hanya ba cunkoso. Na ce hutun me? Ya ce, "Ranar Sojoji." Wallahi ban shirya haka ba. Kuɗin jirgi ne ya fi sauƙi a wannan makon.

Washegari da sassafe ya tsaya da ni a wani shagon shayi, kujeru 'yan ƙanana kamar na tsakar gida, shayi mai kauri da madarar gwangwani, ba abin da ya raba shi da na mai shayin bakin tasha sai gurasar da suke toyawa da mai maimakon burodi. Talabijin a saman firij tana nuna fareti daga Naypyidaw, sabon babban birnin da sojoji suka gina a tsakiyar ƙasar suka kwashe gwamnati suka kai a 2005. Sahu-sahun sojoji, a bayansu mutum-mutumin sarakuna uku na da, kowanne ya fi gidan sama tsawo. Babban hafsan sojin, Min Aung Hlaing, yana jawabi, ƙirji cike da lambobi. Na waiga cikin shagon, mutum sun kai ashirin, ba mai kallo. Wani yaro ma cewa ya yi a mayar tashar ƙwallo.

Kawu ya sassauta murya ya ba ni labarin ranar. Lokacin da Japan ta mamaye Bama a 1942, tare da ita akwai rundunar 'yan ƙasa a ƙarƙashin wani saurayi, Aung San, wanda Japanawan suka horar da shi da abokansa don su kori Ingila. Aka kori Ingila, sai suka tarar an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A tsakiyar Maris 1945 rundunar ta fita daga Yangon kamar za ta je yaƙar Turawa, ranar 27 ga wata ta juya bindiga kan Japanawa. Ranar Turjiya ake ce mata da farko, ta manoma ce da ɗalibai da 'yan gurguzu da duk wanda ya ɗauki makami ko ya ɓoye mai makami. A shekarun 1950 aka sauya mata suna ta koma Ranar Sojoji.

"Ranar kowa ce, Saya," in ji Kawu, "suka sa mata kaki."

Ina kurɓar shayi ina lissafi. Baffa yana dajin Arakan, a yammacin ƙasar, a 1944, wataƙila har farkon 1945. Wato duk kwanakin da ya yi a ƙasar nan, rundunar da ake yi wa faretin nan tana ɓangaren masu harbinsa. In kuma ka tambayi ɗan Bama na wancan zamani me baƙin mutumin nan ya zo yi, zai ce maka ya zo mayar wa Bature ƙasar da ta suɓuce masa. Da gaskiyarsa kuwa. An ɗauko wanda ake mulka daga Katsina, aka ratsa teku da shi, ya zo ya taya mai mulkinsa ƙwato wata ƙasar da zai mulka. Ban gaya wa Kawu wannan ba. Ina jin ya riga ni sani, don da na ce kakana yana cikin sojan Ingila, addu'ar jinƙai kawai ya yi masa, bai ƙara komai ba.

Maƙabartar tana arewa da Yangon, tafiyar kamar awa guda, a bakin babban titi. Kana cikin hayaniyar manyan motoci da masu tallan kankana, sai ka ga ciyawa kore shar, an daidaita ta kamar da reza. A 1951 aka fara ta, aka tattaro gawarwaki daga maƙabartun fagen fama na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw, waɗanda kula da su ke da wuya. Akwai kabari 6,374 na Yaƙin Duniya na Biyu, 867 daga ciki ba a san masu su ba. Ba tudun ƙasa irin namu, ba kuma dogayen duwatsu. Kowane kabari ɗan allon tagulla ne a kan gajeren dutse, tsakani an dasa fure. Bama ta ƙi shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila tun da ta sami 'yanci a 1948, amma ga shi a cikinta Ingila da ƙawayenta suna biyan masu ban-ruwa har gobe.

Kuma wurin cike yake da jama'a. Ba masu makoki ba, samari ne da 'yan mata, kowane biyu a ƙarƙashin laima guda, wasu na ɗaukar hoto, wani iyali sun baje abinci a inuwa. Da farko abin ya sosa mini rai, mu da a maƙabarta ko murya ba a ɗagawa. Daga baya na huce. Nan ne inda za su sha iska kyauta, ga tsabta, ba mai korarsu. Kuma in ba su ba, wa zai zo?

Da kaburbura na fara. Na Turawa akwai shekarun mutum, a ƙasa kuma 'yan kalmomin da iyayensa ko matarsa suka zaɓa, don an rubuta musu an tambaye su. Wannan an ce ɗa ne tilo, wancan an ce sai an haɗu. Na Musulmin Indiya akwai Innalillahi da Larabci. Can sai na fara cin karo da tambarin bishiyar kwakwa, tambarin rundunar Afirka ta Yamma, gabana ya faɗi. Lamba, muƙami, suna, runduna, ranar rasuwa, shi ke nan. Farabiti wane Bauci. Kofur wane Yola. Wane Zabarma, wane Fulani. Ƙasan allon, inda kalmomin iyaye suke zama, fili ne fetal. Ba wanda ya aika wa wata tsohuwa a ƙauye ya tambaye ta me take so a rubuta wa ɗanta.

A tsakiyar maƙabartar akwai dogayen rumfuna biyu na ginshiƙan dutse, sun haɗu a wani kewayayyen fili marar rufi. Nan ne aka rubuta waɗanda ba a ga gawarsu ba, kusan mutum 27,000, a Fabrairun 1958 aka buɗe shi. A jikin kewayen an sassaƙa cewa sun mutu ne domin dukkan 'yantattun mutane, da Ingilishi da harshen Bama da Hindi da Urdu da rubutun mabiya addinin Sikh. Na zaga sau biyu ina neman ko kalma ɗaya ta wani harshen Afirka. Babu. Alhali Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya, kafin yaƙin har jarrabawarta ake yi wa hafsoshin Turawa. Batun 'yantattun mutane kuwa, Baffa ya yi shekara goma sha biyar a ƙasa kafin a sauke tutar Ingila a Legas.

Runduna biyu aka kawo daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, mutanen Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne. Daga tatsuniyar mutanen Gana aka ɗauko shi, amma duk Bahaushen da aka liƙa wa shi a kafaɗa ya san Gizo ne mijin Ƙoƙi. Na ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo fa, na dako. Ba don ado aka sa shi ba. Inda aka tura su ba hanyar mota, wani wurin ko alfadari ba ya iya hawa, saboda haka dubbai a cikinsu 'yan dako ne, da yawa ba bindiga sai adda, harsasai da abinci da sassan igwa duk a ka, suna hawa tsauni suna gangarawa, matsattsaku na shan jininsu. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, kuma daga sama ake jefo mata abinci, ashe tsofaffin garinmu ba zuƙi ta malle suka yi ba. Bataliya uku ta 'yan Nijeriya an ware su an haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda ake saukewa a bayan Japanawa. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung, garin da yau ake kira Mrauk-U. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya tako har ƙasar nan ya duba su.

Sunayen nan duk mun san su, ba mu dai san mun sani ba. Barikin Chindit a Zariya, ina ɗalibi na wuce ta ƙofarsa ya fi sau ɗari. Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Arakan da Myohaung da Dodan a Legas. Duk daga yaƙin nan aka kwaso su. Na so in je in ga Kaladan da idona, Kawu ya girgiza kai. Arakan ita ce jihar Rakhine ta yau, inda sojojin da muka gani a talabijin suka kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladesh a 2017, kuma a watan da na je ana ba-ta-kashi tsakaninsu da 'yan tawayen Arakan a kewayen Mrauk-U ɗin kanta.

Wani mai ban-ruwa ya ga ina ta dube-dube, ya ajiye mesa ya ce, "Afirka?" Na gyaɗa kai, ya ja ni har gindin ginshiƙan. An jera sunayen runduna-runduna, muƙami-muƙami, sannan bisa abacada. Biyu na tarar a jere, ɗaya a kan ɗaya, ko harafi bai raba su ba. Na ukun yana wani ginshiƙin, cikin 'yan dako. Na ɗora yatsa a kan na farko, dutsen ya ɗauki zafin rana. Na jira zuciyar nan da na ce za ta nuna mini, ba ta ce uffan ba. Na sauko kan na biyu, na tafi wurin na uku, na dawo. A takardar da na bugo daga intanet, ɗaya ya rasu da bazarar 1944, ɗaya bayan damina, ɗaya a farkon 1945. Ba shekaru, ba sunan uba, ba ƙauye. Katsina kuwa a bakin akawu tana iya zama ko'ina daga Funtuwa har Jibiya, har ma Maraɗi, don mutanen ƙasar Faransa sun riƙa tsallakowa suna shiga sojan Ingila.

Na duba alƙibla a waya. A nan yamma ake fuskanta, abin da ko a Malesiya sai da na daɗe kafin jikina ya yarda da shi. Na juya wa gabas baya na ɗaga hannu, na yi Fatiha da Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya. Wasu 'yan mata da ke hoto a kusa suka yi tsit har na shafa. A gida akan yayyafa wa kabari ruwa. Nan ba kabari, sai na juye gorar da ke hannuna a gindin furen da ya fi kusa.

Na samu inuwa na zauna ina tunanin wace rana ce tasa. Da can Nijeriya 11 ga Nuwamba take tunawa da sojojinta, kamar sauran ƙasashe renon Ingila, ranar da aka tsagaita wuta a 1918. Bayan yaƙin basasa aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Gowon a 1970. A ina aka yi? A barikin Dodan. Bama ta biyo mu har can. A takarda ranar ta haɗa kowa, na yaƙin duniya da na basasa da na Laberiya da Saliyo da na Arewa maso Gabas. Amma ka tambayi kunnen jama'a.

A kunnen ɗan Arewa 15 ga Janairu ba ƙarshen yaƙi ba ce, mafarinsa ce. Ranar ce a 1966 aka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna tare da matarsa Hafsatu, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, aka harbe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam. Tun ina yaro, in ranar ta zagayo, waƙoƙin Sardauna nake ji a rediyon gidanmu, ba bigilar soja ba. A kunnen mutumin Enugu ko Owerri kuwa ranar faɗuwa ce, shi ya sa wasunsu suka riƙe tasu, 30 ga Mayu, ranar da Ojukwu ya ayyana Biyafara a 1967, su rufe kasuwanni, hukuma tana cewa a buɗe. Su ma suna da matattun da ba a ƙirga ba: yaran da yunwa ta kashe, mazan Asaba na Oktoban 1967, da waɗanda aka kashe a garuruwanmu na Arewa a 1966, abin da ba mu cika son a tayar ba. Kowa yana kukan nasa ya ba ɗan'uwansa baya. A Abuja kuma shugaban ƙasa ya ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. A 2021 ma tattabarun ƙin tashi suka yi, Shugaba Buhari ya buɗe keji suka yi zamansu, 'yan Nijeriya suka samu abin dariya na mako guda.

Ba raina bikin nake yi ba. Ina da ɗaliban da suka shiga soja, akwai wanda bai dawo daga Barno ba, iyayensa sun cancanci a tsaya musu ko na minti ɗaya ne. Abin da nake cewa, mai mulki ke zaɓar rana, kuma buƙatar gabansa yake dubawa. Mun gani da idonmu a 2018, da aka ciro Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu aka dasa ta a 12 ga Yuni. Wanda ya zaɓi 15 ga Janairu haɗin kan ƙasa yake so a tuna, yana da hujjarsa. Sai dai da aka matsar da ranar, su Baffa sun zama baƙin da aka gayyato biki aka manta da su a zaure. Turawan ma da kansu, babbar rundunarsu ta 14 da ta yi yaƙin Bama, rundunar da aka manta suke ce mata. To in an manta da Bature, ina ga ɗan dako? A 2021 hukumar kaburburan ta amsa da bakinta cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, da ba a rubuta sunansu ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa. In aka auna da su, Baffa ya yi sa'a. Nasa sunan har uku.

Ranar Alhamis Kawu ya ce tunda na ga ranar sojoji, bari ya nuna mini ranar mutane. Ya tsayar da mota a gefen tsohuwar sakatariyar Turawa, ƙaton gini na jan bulo a tsakiyar gari. A nan ne ranar 19 ga Yuli 1947, ƙarfe 10:37 na safe, 'yan bindiga suka shiga ɗakin taro suka kashe Aung San yana da shekara 32, tare da ministocinsa, saura ƙasa da wata shida a karɓi 'yanci. Mutum tara suka mutu, ita ce Ranar Shahidai. Bayan 1988, da 'yarsa Aung San Suu Kyi ta zama ƙashin wuyan sojoji, sai suka dusashe ranar, suka cire hotonsa daga takardun kuɗi, mutumin da ya kafa musu rundunar. Jama'a kuwa suka koma danna ham ɗin mota in 10:37 ta yi. Kawu ya ce cikin taran nan biyu Musulmi ne, ministan ilimi U Razak da yaron da ke tsaronsa. Ya ɗaga yatsu biyu, ya naɗe su, ya ce, "Yau a majalisa ko ɗaya babu, Saya." Haka yake, zaɓen 2015 bai kai Musulmi ko ɗaya majalisar ƙasar ba.

Shekara biyu bayan dawowata, ranar 1 ga Fabrairu 2021, mai jawabin nan na talabijin ya yi juyin mulki. Da 27 ga Maris ta zagayo ya yi faretinsa a Naypyidaw da safe, kafin dare jami'ansa sun kashe fiye da mutum 100 a garuruwan ƙasar, masu zanga-zanga suna kiran ranar da sunanta na asali. Na aika wa Kawu saƙo, sai bayan kwana tara amsa ta zo: "Alhamdulillah, Saya."

Amma wannan daga baya ne. A can Yangon kwana biyu na yi ina juya waya a hannu na kasa kiran gida. Sai ranar Juma'a, da aka sauko daga masallacin Surti na tsakiyar gari, na samu gefen wani shago na buga. Tsakaninmu awa biyar da rabi ne, wato a gida hantsi bai gama dubawa ba. Jikarta ta ɗauka ta kai mata.

"Goggo, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗan nan. Ka same shi?"

"Na ga sunansa, Goggo, a jikin dutse."

"Kabarin fa? An fuskantar da shi gabas?"

Na ce ba kabari, suna ne kawai, kuma a ƙasar nan yamma ake kallo in za a yi salla. Ta ce wace irin ƙasa ce wannan. Sannan na daure na gaya mata su uku ne, suna ɗaya, gari ɗaya, kuma na kasa fitar da namu. Ta yi irin shirun nan nata. Ina jin zakara yana cara a bayanta, a gabana kuma wani yana tallan shinkafa da harshen da ba na ji.

"Duk 'yan Katsina?"

"Haka aka rubuta, Goggo."

"Su sauran biyun, danginsu sun zo?"

"Ban ga alama ba."

Na ce ga ranakun rasuwa uku a takarda, in za a yi sadakar da ba a yi ba, wacce za a ɗauka? Ta ce, "Rana kuma? Yau ba Juma'a ba ce?" Na ji ta janye wayar daga kunne tana ƙwala wa jikarta kira, ta ce a auno gero tiya uku a jiƙa, a daka gumba, a kira almajirai in an sauko daga masallaci. Sannan ta dawo kaina ta ce in kashe haka nan, kada kuɗin wayata su ƙare a ƙasar mutane.